Shekarar da Zanzaro Ya Daina Gini

Daminar da aka huda mini kunne, wata Talata da hantsi, wani malamin gona ya shigo ƙauyenmu kusa da Chinade a kan keke, da tulun ƙarfe ɗaure a baya. Ya ce daga Azare yake, zai fesa wa wake magani, tsutsa ba za ta ƙara taɓa shi ba. Babanmu ya daɗe yana kallon tulun nan, sannan ya ce, "Malam, maganin naka ya san mai cin tsutsa?" Malamin ya yi dariya ya ce, "Baba, ai ƙwaro duk ƙwaro ne."

Mu kuwa a gidanmu ba a fasa ɗakin zanzaro. Ko a jikin rumbu ya yi gininsa na laka, tsintsiya kauce masa take yi. Sau ɗaya na fasa, na iske shi maƙil da korayen tsutsotsi da ya kwaso daga gona ya jera wa 'ya'yansa. Ran nan na sha dundu wajen Inna, don waken nan shi ke kai mu bazara.

Baba ya hana a fesa mana, maƙwabta suka yarda. Da malamin ya gama, sai ya wanke tulunsa a kududdufin da zanzaro ke ɗiban laka. Aka yi ruwa biyu, wari ya tafi, kowa ya ce ya wuce. Ni da nake kai fura gona na san bai wuce ba. Ga gawar zanzaro a ƙarƙashin ganye, ga kwaɗi a kife bakin ruwa, ga gini rabi a jikin rumbu babu mai ƙarasawa. Da wake ya yi fure, tsutsa ta dawo ba mai tare ta, ta ci na masu feshi, ta haɗa da namu. Abin da muka roro bai kai mu sanyi ba.

Yanzu jikana Habu sau huɗu yake feshi kafin roro, kullum wai maganin bara ya daina ci. In na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Ke dai amarya, ci wakenki." Da can in ka shiga gona da sassafe, yanar gizo-gizo ce za ta shafe maka fuska, ko'ina motsi. Yau ganye shar, ba mai rarrafe, ba mai tashi. Gonar da ta yi shiru haka, ban yarda da ita ba.