Alayyafon Jatau

Wata ranar Juma'a da damanar 1965, na dawo daga ɗebo ruwa na tarar da Inna durƙushe a bayan garken awaki, tana tsinkar alayyafon da ya fito da kansa a kan taki. Jatau, karen Baba, yana kwance kusa da ita, haƙarƙarinsa duk a waje, idonsa a kan hanyar Barmu, wadda Baba ya bi ya tafi. Ina da shekara tara a lokacin, kuma tun da aka haife ni ban taɓa ganin Inna ta yarda kare ya matso kusa da zanenta haka ba. Da can ko inuwarsa ta gifta tukunyarta sai ta yi ta faɗa har magariba.

Baba manomi ne, mafarauci kuma da rani. Da gero ya ƙi a gonarmu ta kan dutse, sai ya bi samarin ƙauyenmu zuwa biɗa, wato neman aiki a Abijan. Ranar tafiyarsa bai yi dogon jawabi ba, ya dai miƙa wa Inna igiyar kare ya ce, "Ki riƙe mini shi amana, ina nan komowa kahin shibka." Shuka ta zo ta wuce, muka yi noman fari, muka yi maimai, babu Baba babu saƙonsa. Rumbu ya kai ƙasa har ni ake zurawa ciki in sharo ragowar tsaba. Da safe in tafi lakwal, wato makarantar boko, da kunu tsararo a cikina, da yamma in yi surfe, in kaɗo awaki, in kuwa ƙawayena suka kira ni 'yar carafke sai in ce kaina ke ciwo, alhali yunwa ce.

A irin wannan hali gidaje da yawa sun kori karnukansu, don babu ƙanzon tuwo balle ƙashi. Inna ta ƙi. Ta ware wa Jatau wani fasasshen kasko, kullum ta dafa alayyafo da ɗan tsaki ta raba uku: nawa, nata, da nasa. Da farko ya shinshina ya kau da kai kamar wani bafade da aka ba gaya, har muka yi dariya, daga baya ya riƙa lashe kaskon tas. Na sha ganin Inna tana ɗiba daga nata tana ƙara masa in ta zaci ba na kallo. Ba ta taɓa faɗa ba, amma na gane a ranta ta ɗaure dawowar Baba da numfashin karen nan.

Baffa Isa, wan Baba, shi ne ya dasa mata tsoro. Ya leƙo wata rana ya ga kaskon, ya girgiza kai ya ce, "Ke Hajo, mi kika ba shi? Kare ba akuya ne ba. Alayyahu na tsinka hanjin kare, kashe shi za ki yi." Inna ta ce, "To Yaya, mi ni ka ba shi? Abin da muka ci ke nan." Bai kawo ko dunƙulen fura ba, ya dai bar mata maganar ya tafi.

Jatau ya mutu gero na fitar da kai, saura kaɗan a fara cin tumu. Ni da Inna muka ja shi a kan tsohuwar tabarma zuwa bayan gari, muka rufe shi da duwatsu don kada angulaye su taɓa shi. Da kaka wani ɗan ƙauyenmu ya dawo da labarin cewa zazzaɓi ya kashe Baba a can tun farkon damana. Inna ta yi takaba, ta gama, amma ba ta ƙara sa alayyafo a bakinta ba har ta koma ga Allah. In ya fito a bayan garke sai ta tuge shi ta watsar. Abin da take cewa kawai shi ne, "Amana guda ya bar mini, ni kuwa na kashe ta da hannuna."

Na girma, na yi aure a garin Tawa. Wata rana na kai tunkiya wurin likitan dabbobi, sai na daure na tambaye shi. Ya ce dafaffen alayyafo kaɗan ba ya cutar da lafiyayyen kare, sai dai kare ba ya rayuwa da ganye kaɗai. Yunwa ce ta kashe namu, kuma mai yiwuwa kaskon nan ne ya ja masa kwana. Na fito na zauna a gindin bango na yi kuka, don Inna ta riga ta rasu.

Yau jikokina suna latsa waya su sami amsar irin wannan tambaya kafin ruwan shayi ya tafasa, alayyafo kuma ga shi tuli a kasuwa rani da damana. Nakan saya in dafa, amma ba na iya cinye rabona. Da ma akwai wanda ya gaya wa Inna cewa ta riƙe amanar.