Baba Maigadi da Manhajar da Na Kusa Kashewa

Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, aka shigo ɗakin gwaje-gwaje aka ce mana Allah Ya yi maka rasuwa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Baba Maigadi, shekara ashirin da biyu kana kula da kwamfutocinmu. Na zauna in rubuta baƙin cikina, sai na kama kaina ina murmushi, don ban iya tuna ka da fuska a murtuke ba.

Mu muka laƙaba maka Maigadi. Kai ka koya mana cewa kowace manhaja tana da ƙofa mai lamba da take magana da na'ura ta nan, kuma biyu ba sa tsayawa a ƙofa ɗaya. Muka yi ta tsokanarka, kai kuwa ka karɓi sunan hannu bibbiyu.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ta samfurina. Wata takwas ina bin asibitoci ina tara jini don binciken digirina, kwalba ɗari da sha biyu, na zuba su duka a na'ura, kuma abin da ya shiga ba ya dawowa. Ana tsakiyar awo allon ya daskare. Na rufe manhajar na sake kunnawa, ta ce wani ya riga ya tare ƙofarta. Sau biyar ina yi! Da na bincika, ashe tsohuwar manhajar da na rufe ce ba ta mutu ba, tana maƙale a ɓoye. Ni da ɗan guntun ilimina na rubuta umarnin kashe ta, yatsana na kan maɓalli ka faɗo ɗakin da kofin shayi a hannu.

"Ke 'yar nan, ɗauke hannunki!"

"Baba, ita ce ta tare ƙofar."

"To me take yi a bakin ƙofar? Kin tambaye ta?"

Ka ja kujera, ka nuna mini wani fayil yana ta ƙaruwa a gaban idona. Allon ne kawai ya tsaya, ita baiwar Allah tana can tana rubuta sakamakona layi bayan layi. Da na danna, da wata takwas sun bi ruwa. Ka bar ta da ƙofarta, ka ba sabuwar wata lambar, nan take alƙaluma suka cika allo. Wallahi na yi tsalle, na yi ihu har na ɗakin gaba suka fito da safar hannu! Kai kuwa dariya kake har shayin ya zube maka a wando.

Daga alƙaluman nan na kammala kundina, na sa sunanka a shafin farko. Ban gaya maka ba, wai sai an yi masa bango in ba ka mamaki. Sai ranar Alhamis, bayan rasuwarka, aka kawo shi, na kai wa Inna, matarka, babbar 'yarka ta karanta mata shafin.

Allah Ya jiƙanka da rahama, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna da 'ya'yanka huɗu da jikoki, Allah Ya ba su haƙurin rashinka. Baba, ka yafe mini jinkirin godiya.