Saura Babi Guda

A rumfar mai sayar da tsofaffin littattafai yake tsaye, ya jingina da bango, kamar wanda bai saba barin kowa a bayansa ba. Rigar ta yi masa yawa, ga wani dogon tabo a damtsensa. Amma dubi yadda yake juya shafi, sai ka ce jariri aka ba shi riƙo.

Littafin irin na da ne, wanda aka tilasta mana a makaranta muna ta hamma. Shi kuwa karantawa yake a fili, ƙasa-ƙasa. In ya kai gaɓa sai ya dakata, kamar yana jiran wani ya ce, "Sai aka yi yaya?"

"Malam, saye ko karatu?" in ji mai rumfar.

"Yi haƙuri, Baba. A gidan yari ni nake karanta wa 'yan ɗakinmu shi. Shi ya koya mini jin ƙarshen magana kafin in ɗaga hannu. Saura babi guda aka sallame ni, kuma duk ɗakin ba mai iya karatu sai ni."

Ina jin da hannun nan ya gamu da littafin nan da wuri, da wani gida bai yi kuka ba.

Ga shi ya kai ƙarshe, ya rufe. Ya ɗago kai yana neman fuskokin 'yan ɗakinsu, sai ya ga namu, mu da ke rumfar. Kowa ya dafe aljihunsa.