Tsofaffin da suka tako daga teku

Shekararmu ta biyu ke nan a unguwar Minguettes da ke gefen Lyon, hawa na goma sha ɗaya, ɗiyata ta kai wata goma sha bakwai ba ta fara tafiya ba. Tana rarrafe, tana kama kujera ta miƙe, amma ta saki ta tako, a'a. Duk wayar da na yi gida Damagaram, abin da innata ke tambaya ke nan bayan gaisuwa. Likitar yara ta dudduba ta, ta ce ƙafafunta lafiya lau, ni ce na cika goyo, in riƙa sauke ta. To a ina? Gida ƙunci, waje motoci.

Maƙwabciyata, wata Hajiya ƴar Cadi mai ciwon gwiwa, ta ce in raka ta bakin kogin Rhône ran Lahadi, don an ce ta riƙa tattaki. Na dama kunu na zuba a tarmos, na soya fanke, muka shiga bis, muka shiga metoro, jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Hanya ce shimfiɗaɗɗiya a bakin ruwa, babu mota, sai masu keke da masu gudu. Ga jirage a ɗaure, mutane na zaune a ciki har da shanya. Hajiya ta ce hanyar daga teku ta taso, ta ratsa Lyon, ta wuce can cikin duwatsu. Ni dai ruwan nake kallo. Mu can sai tapki, shi ma da damina. Na ƙara tamke majanyi.

Muna hutawa kan benci sai ga wasu tsofaffin turawa, mata da miji, jaka a baya, sanda bibbiyu, takalma duk ƙura, rana ta ƙona masu wuya. Suka zauna gefenmu suna haki. Na gaishe su, na tattaro ɗan faransancina na tambaye su daga ina. Matar ta nuna kudu, ta ce daga teku, da ƙafa, yau sati uku.

A wurinmu dattijon da ya yi irin wannan tafiya a ƙasa, ba shi da kowa ne. Na kwance goyo na zaunar da yarinyar kan ciyawa, na zuba masu kunu, na tura masu fanke. Sannan na dunƙule tiken metoro biyu na saka wa matar a hannu a ɓoye, kada ta ji kunya.

Hajiya ta zungure ni. "Ke, ɗiyata, waɗannan sun fi mijinki mota. Hutu suke."

Matar ta buɗe hannu, ta dube ni, ta yi dariya har da hawaye. Ta ce malamar makaranta ce da ta aje aiki, don daɗi suke tafiyar. Don daɗi! Ta mayar mini da tike, amma fanke ko ɗaya ba su rage ba, tsohon ma ya miƙo kofi a ƙara masa.

Ina cikin zubawa na waiga. Yarinyar ta kama sandar tsohon ta miƙe. Ya ja sandar a hankali, ta biyo. Sai ta hango agwagi a bakin ruwa, ta saki. Taku ɗaya, biyu, tana tangaɗi, hannu sama, kuma wajen kogin ta nufa.

Na zabura da tarmos a hannu, Hajiya ta riƙe mini zane. "Bar ta. Akwai shinge, ga ni ga ki."

Na tsaya. Taku biyar ta yi ta zauna daɓas, ta juyo tana neman wanda zai yaba. Tsofaffin suka tafa mata, suka saɓa jakunkunansu, suka nufi arewa.

Da muka tashi na goya ta dai saboda metoro. Amma a gindin benenmu na sauke ta, ta taka har bakin ƙofa riƙe da ɗan yatsana, Hajiya na binmu a baya tana cewa mu jira ta.