Ruwan Toka a Harshen Jikata

Abin nan ya faru shekarar da ruwa ya kada katangarmu ta gabas, damina biyu bayan na aurar da autata. Ban shiga aji ba, amma shekara ba ta ɓace mini.

Jikata ta dawo daga lakwal tana kuka. An sa gasar haɗa sabulu da naɗe shi tsakanin makarantun Maraɗi, Tibiri da Jiratawa, ita ce kan gaba cikin 'yan mata biyar. Sun bi takardar madam, malamarsu, sai dai a tukunyar dalma suka zuba soda. Soda ta ci tukunya, sabulu ya lalace. Saura kwana tara, irin nasu kuwa sai ya yi wata kafin ya daina cin hannu. Man gyaɗa kwalba uku kawai ya rage musu.

Da ma na ce mata na iya sabulun salo, wanda ba ya jiran wata, ta yi dariya, wai baƙin abin ƙauye. Ranar nan da kanta ta durƙusa.

A Tibiri na koya, wajen kakata. Bayan girbi mukan ɗauko mata karan gero, mu bakwai, a ƙone. Ta zuba tokar cikin tukunya mai huda a gindi, ta bi da ruwa, yana ɗiga ja kamar shayi. Sai ta ɗora a wuta ya yi ta ƙonewa. Har yau in na ji warin nan sai in ga baƙin zanenta. Ba ta da abin awo. Tsinke take tsomawa, ta ɗiga a harshe, ta rufe ido. In ruwan bai kai ba, mai ya yi ta yawo a sama, an yi asara. In ya wuce, sabulu ya ci fata. Ban kai ɗaurin ƙirji ba ta ɗiga mini. Na yi tsalle, ta kama hannuna, ta ce in riƙe wannan cizon da kyau, ba ta da wani abin bar mini.

To, na aika aka kawo kara a amalanke. Na sa yaran nan ƙona, tacewa, hura wuta, ina zaune ina ba da umarni. Da lokaci ya yi na tsoma tsinke, na rufe ido kamar kakata.

Ban ji kome ba. Na sake, shiru. Goro da tsufa sun kashe mini harshe ban sani ba. Ga su sun zuba mini ido, ga man da babu wani bayansa. Wallahi na so in ce ya yi, don kada girma ya faɗi. Sai na dubi idon jikata da ya kumbura.

Na ce, "Ƙawata, miƙo harshenki. Nawa ya yi ritaya."

Ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta ce ɗaci ne kawai. Muka ƙara wuta. Karo na uku ta yi tsalle.

"Kaka, ya cije ni kamar tururuwa!"

"Zuba mai."

Kafin a zuba, sauran huɗun ma sai da kowace ta miƙo harshenta.

Sabulu ya kama. Wasu sun naɗe nasu cikin leda mai walƙiya, nawa yaran bawon masarar Jiratawa suka samu, suka ɗaure da kaba. Na biyu suka zo, Tibiri ta yi na ɗaya. Ban yi fushi ba, garinmu ne. Da alƙalan suka tambayi awon da suka bi, an ce jikata harshe ta nuna musu.

Yanzu kowa sabulun kanti yake saye, ni ma haka. Cikin mu bakwai masu ɗaukar kara, saura ni da ɗiyar kawuna a Tibiri, ita ma ido ya tafi. Mu biyu muka rage da sanin cizon nan. Da yaran nan biyar, mun koma bakwai.