Kunnen da Ya Baro a Tafki

A shekarata ta uku a Alƙahira aka haɗa ni ɗaki da wani bawan Allah da ya girme ni nesa ba kusa ba, har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Yaya nake ce masa. Mutum ne mai kirki, amma wallahi idan ya fara tilawa sai ka rantse da mutanen unguwa yake faɗa. Ka yi masa magana ya share ka, sai ka zagayo gabansa sannan ya ce, "Na'am?" Ni kuwa ba gwanin haƙuri ba ne, raina ya sha ɓaci.

Mu biyun muna karatu wurin wani tsohon shehi a ƙaramin masallaci bayan kasuwar Ataba. Ijaza muke nema, wato shaidar cewa ya saurari Alƙur'aninka daga farko har ƙarshe ya yarda da shi. Shehin nan ba ya ɗaga murya. In ka yi kuskure, ɗan gyaran murya kawai yake yi, kai kuma ka koma baya ka nemo inda ka zame. Yaya kuwa, ido a rufe, sai ya bi ta kan gyaran muryar ya wuce abinsa. Ranar da abin ya ishi shehi ya ce, "Ya ibni, ɗana, wanda ba ya karɓar gyara me zai yi da malami? In ka sake, khalas, shi ke nan, ka nemi wani." Alhali don ijazar nan Yaya ya baro mata da 'ya'ya a gida.

Kwana biyu bai ci abincin kirki ba. Da na gaji da ganin fuskarsa na ce, "Yaya, yalla, tashi mu je kogi mu sha iska." Muka shiga jirgin 'yan yawo a Nilu bayan la'asar. Mun zo daidai Zamalek sai ga ƙaramin jirgin sintiri ruwan toka, inji biyu a bayansa, ya tsaga ruwa ya gifta mu. Kafin in ƙifta ido Yaya ya zame daga benci ya durƙusa a ƙasan jirgi, hannunsa yana laluben abin da babu. Misirawan da ke ciki suka bushe da dariya.

Ni ban yi dariya ba. Ɗan masunta ne ni, a bakin Tafkin Chadi na tashi, kuma na san irin mutanen da suke durƙusa haka. Na ce, "Yaya, soja ne kai?"

Ya ce in dawo ta damansa. A nan ya ba ni labari. Ya yi shekaru a irin wannan jirgin lokacin da yaƙi ya yi tsanani a tafki. Su shida ne a ciki, babu rufi, babu wurin ɓuya. In sun shiga kachala, wato ciyawar da ta rufe ruwan tafki, sai su kashe inji su riƙa turawa da gora, saboda ciyawa tana naɗe farfela, kuma ƙarar inji tana tona su. Wani lokaci su kwaso mata da yara daga tsibiri, wani lokaci gawar abokansu. Babbar bindigar jirgin tana girke dab da kunnensa na hagu. Wannan kunnen ya mutu murus, na daman ma rabi ya rage.

"To me ya hana ka faɗa?"

"In na ce ba na ji, za a ce me ya same ni. Ku 'yan tafki kun yi yawa a nan. Na san yadda kuke kallon mu."

Gaskiya ya faɗa. Muna yara, da mun ji ƙarar jiragen nan sai uwata ta tattara mu ɗaki. Sun hana mu kamun kifi wata da watanni, mun ji yunwa, ban manta ba. Amma ga mutum a gabana yana kakkaɓe gwiwar wandonsa, kunya ta rufe shi. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina.

Ranar karatu na riga kowa zuwa. Na durƙusa gaban shehi na ce, "Maulana, abokina ba girman kai gare shi ba. Ba ya ji ne. A yaƙi kunnensa ya lalace." Da Yaya ya iso, sai shehi ya ce, da murya mai ƙarfin da ban taɓa sanin yana da ita ba, "Ma'alish, yi haƙuri, ya ibni. Matso, ba ni hannunka."

Ya riƙe hannun a kan gwiwarsa, Yaya ya fara. Can a tsakiyar shafi ya tsallake kalma, shehi ya ɗan matse yatsunsa. Yaya ya tsaya cak. Ya koma baya, ya nemo wurin, ya gyara. Daga nan ya dakata, hawaye na bin gemunsa, shehi kuma bai saki hannun ba, yana jira ya ci gaba.