Yaya Hindatu Ba Ta Ce Tubarkalla Ba

Yau shekara biyar da rasuwar yayata Hindatu, kuma ta tafi muna gaba. Ni na ɗaura gabar.

Ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti wajen Tsaskiya, aikinta awon yara. A shekarun da 'yan bindiga suka hana noma, mutanen Ruma suka yi ta kwararowa nan garinmu Batsari da 'ya'yansu duk ƙashin wuya a waje, ni kuwa ina tinƙaho da ɗana Sadiku. Tsoro ya sa na kulle shi a gida, ba ƙwallo, ba aike. In ya yi kukan fita, in toshe masa baki da fanke da lemon kwalba. Yana shekara bakwai kayan ɗan sha biyu yake sawa, ina jin daɗi duniya ta ga gidanmu ba yunwa.

Ranar wani suna, a gaban surukata, Yaya ta ji yadda yake haki daga hawa dakali, ta ce, “Rabi, ƙibar yaron nan ba ta lafiya ba ce. Ki rage masa zaƙi, ki bar shi ya motsa jiki.”

Ba ta ce tubarkalla ba. Duk maganarta abin da muka ji ke nan. Surukata ta tofa masa addu'a, ta turara shi saboda kambun baka. Ni kuma na ce wa Yaya ta saba ganin 'ya'yan yunwa ne, shi ya sa ƙoshi ke tsone mata ido. Sau biyu tana aiko min da saƙo, ban amsa ba.

Bara likita a Katsina ya ce Sadiku na da ciwon suga. Da Yaya tana nan ba za ta yi min gori ba, zama za ta yi ta tsara mana abin da zai ci. Yanzu ni kaɗai nake faɗan. In na hana shi shayi mai suga, ubansa ya shigo da biskit a aljihu, wai kada a ce ya gaza. Kakarsa kuwa ta gama yanke hukunci tun tuni, wai bakin Yaya ne ya kama shi.

Abin da ya rage na Hindatu a gidan nan ke nan, kuma yana ci min rai. Ɗazu bayan sallah na ce Sadiku ya yi wa innarsa Hindatu addu'a. Ya dube ni, ya ce, “Mama, ba ita ce ta sa min ciwon ba?”

Ban iya yi masa tsawa ba. A bakina ya fara jin haka.